William Tuke: Ɗan Kasuwar da Ya Kwance wa Masu Taɓin Hankali Mari

Duk wanda ya shiga makarantar koyon aikin jinya a yau, in ya kai ga darasin kula da masu taɓin hankali, abu na fari da za a koya masa shi ne cewa majinyacin nan mutum ne kamar kowa. Za a ce ya kira shi da sunansa, ya saurare shi, ya kiyaye mutuncinsa, kada kuma ya mallake shi da tsoro. Wannan koyarwa ta zauna daram har mutum zai zaci da ita aka fara. Alhali kuwa shekaru 200 da 'yan kai da suka wuce, sarƙa da bulala ne kayan aikin mai tsaron mahaukata a ƙasar Turai. Cikin mutanen da suka juya wannan al'amari akwai wani dattijo Kirista mai sayar da ganyen shayi, wanda bai taɓa karatun likita ba. Sunansa William Tuke.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi William Tuke a birnin Yok, a arewacin Ingila, ranar 24 ga Maris, 1732. Iyayensa 'yan Jama'ar Abokai ne, wata ɗariƙar Kirista da George Fox ya kafa a tsakiyar ƙarni na 17, wadda aka fi sani da Kweka. A zamaninsa, mutanen wannan ɗariƙa ba su da fastoci naɗaɗɗu. Sukan taru su zauna shiru a sujada har sai wani ya ji an ba shi magana. Ba su rantsuwa, ba su zuwa yaƙi, kuma jigon bangaskiyarsu shi ne cewa Allah ya sa haskensa a cikin kowane ɗan Adam, babba ko ƙarami. Da yake doka ta hana su shiga manyan jami'o'in Ingila da riƙe muƙaman gwamnati, yawancinsu sai suka rungumi kasuwanci, inda aka san su da gaskiya da cika alkawari.

Gwaggonsa Mary Tuke ta buɗe kantin kayan masarufi a Yok a 1725. William yana da shekara 14 aka ba ta shi ya koyi ciniki. Da ta rasu a 1752, kantin ya dawo hannunsa yana ɗan shekara 20, ya kuwa bunƙasa shi har ya zama sanannen dillalin ganyen shayi da gahawa. Ya auri Elizabeth Hoyland a 1754. Ta rasu a 1760, ta bar shi da ƙananan yara. Wannan rashi ya girgiza shi ƙwarai, daga nan ne ya ƙara ba da kansa ga al'amuran ikkilisiya. A 1765 ya auri Esther Maud, mace mai himma wadda ita kanta mai wa'azi ce a cikin Abokai. Ya sa hannu wajen kafa makarantar Ackworth a 1779, matarsa kuma ta jagoranci buɗe makarantar 'yan mata a Yok a 1785. Yana cikin masu ƙin cinikin bayi tun abin bai zama yayi ba. Haka ya kai shekara 58, mutum mai rufin asiri da kwarjini, ba abin da ya haɗa shi da gidan mahaukata.

Yadda ake yi da masu taɓin hankali a zamaninsa

Masana da yawa na wancan zamani sun ɗauka cewa hankali ne kaɗai ya raba mutum da dabba, saboda haka wanda hankalinsa ya gushe ya koma sahun dabbobi. An yi imani cewa mahaukaci ba ya jin sanyi ko zafi kamar sauran mutane, kuma ba ya ladabtuwa sai da tsoro. Maganin da likitoci suke yi ya bi wannan tunani: a zubar wa mutum da jini, a ba shi abin sa amai da zawo, a ɗora masa abin da zai tayar da bororo a fata, a tsoma shi cikin ruwan sanyi ba zato ba tsammani. A asibitin Bethlem na Landan, har zuwa 1770 mutane sukan shiga kallon mahaukata kamar masu zuwa gidan namun daji. Sarauta ma ba ta ceci kowa ba. Sa'ad da Sarki George na Uku ya yi ciwon hauka a 1788, an sa masa rigar da ke ɗaure hannuwa, an kuma ɗaure shi a kujera. In haka aka yi wa sarki, mai karatu zai iya auna abin da talaka ya sha.

A Yok ma akwai gidan mahaukata da aka buɗe a 1777 da gudummawar masu hannu da shuni. Daga waje gini ne mai kyan gani. Abin da ke faruwa a ciki kuwa, ba wanda yake da ikon leƙawa.

Mutuwar Hannah Mills

Ranar 15 ga Maris, 1790, aka kai wata gwauruwa mai suna Hannah Mills wannan gida. Ita 'yar Jama'ar Abokai ce daga garin Lids, tana fama da baƙin ciki mai tsanani, irin wanda likitoci suke kira ciwon damuwa a yau. Da yake danginta suna nesa, sai suka roƙi 'yan'uwa masu bi na Yok su riƙa ziyartarta. 'Yan'uwan suka je, aka hana su shiga, bisa hujjar cewa halin da take ciki bai dace baƙi su gan ta ba. Ranar 29 ga Afrilu ta mutu, makonni shida kacal bayan shigarta, ba tare da ko mutum ɗaya na ikkilisiyarta ya zauna kusa da ita ba.

Abin ya tsaya wa Abokai a rai. Ba su da shaidar cewa an zalunce ta, amma ƙofar da aka rufe musu ta isa ta sa su tambaya. William ya shiga bincike. Ya karanta abin da ya samu a kan ciwon hauka, ya kuma ziyarci gidajen da ake tsare masu shi. A asibitin St Luke na Landan ya ga wata mace a ɗaure da sarƙa a jikin bango, tsirara, kwance kan ƙazamar ciyawa. Wannan gani bai bar shi ba har ƙarshen ransa. A fahimtarsa, in hasken Allah yana cikin kowane mutum, to ciwo zai iya rufe shi kamar yadda hadari yake rufe rana, amma ba zai kashe shi ba. Wanda aka ɗaure a bango ɗan'uwa ne da ke rashin lafiya.

Gina Mafaka

A watan Maris na 1792 ya kawo shawara gaban taron Abokai na yankin cewa su gina gidansu na kansu domin masu taɓin hankali. Ba a karɓi maganar hannu bibbiyu ba. Waɗansu suka ce masu wannan ciwo ba su da yawa a cikinsu, waɗansu suka ce aikin likitoci ne, waɗansu kuma kunyar zancen ma suke ji. An ruwaito cewa ko matarsa Esther ta yi shakkar abin da fari. Amma William mutum ne mai naci. Da goyon bayan babban ɗansa Henry da abokinsu Lindley Murray, marubucin littafin nahawun Turanci, ya yi ta rubuta wasiƙu yana neman gudummawa. Shekara huɗu aka yi ana wannan fama. Esther ta rasu a 1794, ba ta ga an gama ginin ba.

An sayi fili mai faɗin eka 11 a kan wani tudu a bayan gari, inda iska take kaɗawa, ana kuma hangen karkara. Wani ɗan Jama'ar Abokai mai suna John Bevans ya zana ginin domin mutum 30. Surukarsa, matar Henry, ita ta ba da shawarar a kira gidan Retreat, wato mafaka, wurin da wanda guguwa ta buga zai fake ya huta. An buɗe Mafaka a watan Mayu na 1796, William yana da shekara 64.

Ginin kansa wa'azi ne. An yi shi kamar babban gidan gona, da lambuna da shanun tatsa. An yi firam ɗin tagogi da ƙarfe amma aka shafa musu fenti suka yi kama da katako, domin a sami tsaro ba tare da sandunan kurkuku ba. A farfajiyoyin da majinyata suke shan iska an sa zomaye da kaji da waɗansu tsuntsaye, saboda an lura cewa wanda ya daina magana da mutane yakan sake da dabba. An hana sarƙa, an hana duka. Mazauna gidan gaba ɗaya, masu jinya da waɗanda ake jinya, ana kiransu iyali. Masu hali suna biyan kuɗi da yawa domin a sauƙaƙa wa matalauta.

Masaƙin da ya zama uban masu jinya

Gini mai kyau ba ya jinyar kowa, sai an sami mutanen da za su zauna da marasa lafiya dare da rana. Shugaban gidan na farko, Timothy Maud, ɗan'uwan marigayiya Esther, ya rasu 'yan watanni bayan buɗewa. William da kansa ya riƙe aikin na kusan shekara guda, ga kasuwancinsa, ga tsufa. A 1797 ya ɗauko George Jepson, wani masaƙi mai tsoron Allah wanda maƙwabta suka saba zuwa wurinsa neman shawara in ba su da lafiya. Ɓangaren mata kuwa yana hannun Katherine Allen, wadda ta zo tun 1796. Su biyun sun yi aure a 1806, suka riƙe gidan har 1823. Masu tarihin aikin jinya da yawa suna lissafta su cikin magabatan wannan sana'a.

Likitan gidan na farko, Thomas Fowler, mutum ne mai gaskiya. Ya gwada magungunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya, ya ga amfaninsu kaɗan ne, wahalarsu kuwa da yawa, sai ya rage su. Abin da ya ga yana taimakon masu baƙin ciki shi ne wanka da ruwan ɗumi. Wannan ya sa nauyin warkarwa ya koma kan zaman yau da kullum, wato kan masu jinya. Jepson ya lura cewa mai ƙoshi ya fi saurin barci, saboda haka wanda ya kasa runtsawa sai a ba shi abincin dare mai nauyi, nama ko cuku da burodi, maimakon a ɗura masa ofiyom. Maza suna aikin lambu, mata suna ɗinki da saƙa. Ana karanta Littafi Mai Tsarki tare, waɗanda suka sami sauƙi kuma suna zuwa sujada cikin gari. Katherine takan gayyaci majinyata shan shayi, kowa ya sa tufafinsa mafi kyau, a karɓe shi kamar baƙo. Mutanen da aka ce ba su san komai ba sai ga su suna ƙoƙarin nuna ladabi, domin an ba su girman da za su so su riƙe.

Wata rana aka kawo wani ƙaƙƙarfan mutum ɗan kimanin shekara 34. Ya daɗe a ɗaure har an ɗinka masa tufafi masu igiya domin a riƙa tuɓe masa ba tare da an cire ankwa ba. Da shigarsa aka kwance shi, aka kai shi inda shugabannin gidan suke cin abincin dare, aka ce ya zauna a ci da shi. Bayan haka Jepson ya raka shi ɗakinsa, ya bayyana masa cewa burinsu shi ne ya ji daɗin zama, kuma suna fata halinsa ba zai tilasta musu su takura shi ba. Mutumin ya yi alkawarin kame kansa, ya kuwa cika. In abin ya motsa masa, Jepson yakan je ya zauna kusa da shi ya saurare shi har ya lafa. Bayan kimanin wata huɗu aka sallame shi lafiya lau.

Kada a ɗauka aikin ba shi da haɗari. Akwai ranar da wani majinyaci ya ɗauki babban dutse zai jefi Jepson suna tafiya a fili. Jepson bai gudu ba, bai kuma kai masa hannu ba. Ya dube shi ido cikin ido, ya matso a hankali, ya umarce shi da murya mai ƙarfi ya ajiye dutsen, shi kuwa ya ajiye. Haka kuma Mafaka ba ta rabu da takurawa gaba ɗaya ba. Wanda ya zama haɗari ga kansa ko ga waɗansu akan keɓe shi a ɗaki mai duhu da shiru, wani lokaci a sa masa rigar ɗaure hannuwa. Bambancin shi ne ana yin haka ne a matsayin dabara ta ƙarshe, na ɗan lokaci, ba da nufin horo ko wulakanci ba.

Littafin jikansa da asirin da ya tonu

A 1813 jikansa Samuel Tuke ya wallafa littafi mai bayyana yadda ake tafiyar da Mafaka. Likitan tsohon gidan mahaukata na Yok, Charles Best, ya ɗauki littafin a matsayin habaici gare shi, ya mai da martani mai zafi a jarida. Garin kare kansa sai ya jawo idon jama'a. A daidai lokacin wani majistare mai suna Godfrey Higgins yana bin kadin wani talaka da ya tura gidan, wanda ya fito da ƙazanta da raunuka a jiki. A ƙarshen Disamba na 1813 gobara ta tashi a gidan, majinyata huɗu suka mutu. A watan Maris na 1814 Higgins ya je ba sanarwa, ya tilasta a buɗe masa wata ƙofa da aka ɓoye. Ya tarar da ɗakuna cike da najasa, ya kuma sami mata 13 a cunkushe cikin ɗakin da tsawonsa ƙafa 12 ne, faɗinsa bai kai ƙafa 8 ba. Da aka bincika littattafan gidan, aka gano an ɓoye mutuwar mutum 144. William, yana da shekara fiye da 80, ya shiga wannan gwagwarmaya tare da jikansa. Aka kori ma'aikatan gidan, aka sake masa tsari. Shekara 24 bayan an hana Abokai ganin Hannah Mills, ƙofar ta buɗu.

A 1815 majalisar dokokin Birtaniya ta kafa kwamitin binciken gidajen mahaukata. William ya ba da shaida a gabansa yana ɗan shekara 83. A wannan bincike ne ƙasa ta ji labarin James Norris, wanda aka ɗaure da ƙarfe a Bethlem kimanin shekara goma. Daga nan ba wanda ya isa ya ce sarƙa dole ce, tun da ga gida a Yok da ya yi shekara kusan 20 ba tare da ita ba.

A shekarunsa na ƙarshe William ya makance, ya kuma binne ɗansa Henry a 1814, amma bai daina bin al'amuran Mafaka ba. Ya rasu ranar 6 ga Disamba, 1822, yana da shekara 90.

Abin da ya bari

Ba shi kaɗai ya ga wannan gaskiya ba. A Faransa, likita Philippe Pinel da mai kula da majinyata Jean-Baptiste Pussin sun bi irin wannan hanya a Faris cikin shekarun 1790, ba tare da sun san abin da ake yi a Yok ba. Amma misalin Mafaka ya yi nisa. Abokai na Amurka sun buɗe irinta kusa da Filadelfiya a 1817. A 1839 John Conolly ya kawar da ɗauri a babban asibitin Hanwell. A 1845 Ingila ta yi dokar da ta wajabta gina asibitocin masu taɓin hankali da kuma duba su a kai a kai. An buɗe makarantar farko ta horar da masu jinyar wannan ciwo a asibitin McLean na Amurka a 1882. A 1952 Hildegard Peplau ta rubuta littafin da ya sa dangantakar nas da majinyaci ta zama ginshiƙin sana'ar, abin da Jepson da Katherine suka yi ta aikatawa tun ba a ba shi suna ba.

Tafiyar ba ta miƙe sambal ba. Da asibitoci suka girma suka cika da ɗaruruwa da dubbai, zaman iyali ya ɓace, tsohon hali ya dawo a wurare da yawa. Waɗansu masana, irin su Michel Foucault, sun soki Mafaka da cewa ta musanya sarƙar ƙarfe da ta zuci, tun da majinyaci yana kame kansa ne don kada ya rasa yardar masu kula da shi. Akwai abin dubawa a wannan suka, ko da yake wanda aka cire wa ankwa ya san bambancin. Ita Mafaka ta ci gaba da kwantar da marasa lafiya har ƙarshen 2018.

Ya kamata a faɗi wani abu a fili. Fowler ya rage magani ne domin magungunan zamaninsa ba su aiki. Tun daga shekarun 1950 an sami magunguna masu taimako ƙwarai, saboda haka labarin Tuke ba hujja ba ce ta ƙin zuwa asibiti. Darasinsa shi ne magani da mutunci su tafi tare.

Wannan magana ta shafe mu. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata suke zama a gidajen ƙauye tare da wani nasu suna karɓar magani, duniya kuma ta yaba. Duk da haka, a 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a wurare da dama a Nijeriya, har da asibitoci, da gidajen masu maganin gargajiya, da wuraren addini na Musulmi da na Kirista. A farkon 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma doka ba ta shiga ɗakin bayan gida inda iyali suka kulle ɗansu saboda kunya, ba ta kuma cire ƙafa daga turu sai wani ya miƙa hannu.

Mun san labarin mutumin nan na ƙasar Garasinawa a cikin Markus sura 5, wanda mutanen garinsu suka yi ta ɗaurewa da sarƙa da mari, Ubangiji Yesu kuwa ya tambayi sunansa, ya warkar da shi, ya mai da shi gida wurin danginsa. William Tuke bai yi mu'ujiza ba. Ya yi abin da kowace ikkilisiya za ta iya: ya ƙi yarda a rufe 'yar'uwa a inda ba mai ganinta. In akwai mai wannan ciwo a gidanku ko a majami'arku, ku kai shi asibiti da wuri, ku taimake shi shan maganinsa, ku ziyarce shi, ku ci abinci tare da shi, ku yi addu'a da shi ba tare da igiya ko bulala ba. Ku kuma ƙarfafa 'ya'yanmu da suka zaɓi jinyar masu taɓin hankali, gama aiki ne mai nauyi da daraja. Allah ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.